Kyarkecin da ke kamun kifi: yunwa ce ko ganin dama?

Ɗan Masunta: Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya da dare na ga wani bidiyo da ya tsaya min a rai. Kyarkeci ne a wani rafi a gaɓar tekun Kanada. Ya shiga ruwa iya gwiwa, ya fuskanci inda ruwan ke gangarowa, ya yi tsit. Can sai ya kai cafka, ya fito da kifi mai tsawon hannun mutum yana ta mutsu-mutsu. Ya kai shi kan ciyawa, ya danne da ƙafar gaba, ya gatse kan ya cinye, ya bar sauran a yashe ya koma ruwa. Ni da na tashi a gidan su a Yawuri, wallahi barin gangar jikin nan ya fi komai ba ni haushi. Tambayata biyu ce: me ya kai kyarkeci kamun kifi, kuma me ya sa kai kaɗai yake ci?

Auta: Wa alaikumus salam. Yaya ka tabbata ba haɗin kwamfuta ba ne? Yanzu har akuya mai tuƙa babur ana nuna mana.

Baban Khalifa: Ko da gaske ne, amsar ba ta da wuya. Yunwa ce. Mahaifina maharbi ne, Allah ya jiƙansa, kuma abin da ya koya mana shi ne naman daji ba ya canja cimarsa sai uwar bari ta sa. Kura ma in ta rasa nama tana tauna tsohuwar fata. An sare musu daji, barewa ta ƙare, sun koma ruwa. Shi ke nan.

Malam Na-Zariya: Amin, Allah ya jiƙan Baba. Auta, ba haɗi ba ne, tun kafin wannan kwamfutar taku ta iya ƙarya ake rubuta labarin. Wurin shi ne gaɓar lardin Biritish Kolombiya a yammacin Kanada, daji mai yawan ruwan sama da ake kira Great Bear, da kuma kudu maso gabashin Alaska. Kifin kuwa salmon ne. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi tekun Fasifik ya girma, sannan ya dawo rafin da aka haife shi ya zuba ƙwai ya mutu. Daga wajen Agusta zuwa Oktoba rafukan suke cika.

Baban Khalifa, a kan yunwa kuwa ban yarda da kai ba, kuma ba da ka nake magana ba. Chris Darimont na Jami'ar Victoria da abokan aikinsa Paul Paquet da Tom Reimchen sun bi garke takwas na kyarketai har shekara huɗu, sun fitar da sakamakon a 2008. Sun tattara kashin dabbobin sama da 2,000 suka bincika. Kafin kifi ya iso, ana samun ragowar barewa a kashi 90 zuwa 95 cikin 100 na kashin. Da kifi ya shigo rafi sai aka riƙa samun salmon a kashi 40 cikin 100 na kashin, a wasu garkunan har kusan 70.

Auta: Malam tsaya. Kashi 40 na kashi? Wane kashin ne a cikin wane kashin?

Malam Na-Zariya: Ja'iri. To daga yanzu tutu zan riƙa cewa, kowa ya huta.

Baban Khalifa: Malam ai hujjata ka ƙarfafa. A watannin nan barewa ta yi wuya, shi ya sa.

Malam Na-Zariya: A'a, nan ne daɗin binciken. Su ma sun yi wannan tunanin, sai suka gwada shi. Da yunwa ce, da garken da ke da ƙarancin barewa a yankinsa shi zai fi cin kifi. Ba haka aka samu ba. Abin da ya raba garke da garke shi ne yawan kifin da ke rafukan yankinsu. Inda kifi ya yi yawa, sun ci kifi, ko da barewa na nan tana kiwo a bayansu. Barin ta suka yi da gangan.

Kuma ba tutu kaɗai suka dogara da shi ba. Kyarkeci yana zubar da gashi duk shekara, sabo ya fito. Abin da dabba ta ci yana barin alama a gashinta, domin abincin teku yana ɗauke da wani nau'in naitirojin da kabon masu nauyi fiye da na tudu. Tsinin gashi shi ya fara fitowa, shi ke ba da labarin farkon lokaci. Gindin gashi kuma na ƙarshe. Sai aka ga alamar teku ta fi yawa a gindi, daidai lokacin kifi. Shaida biyu, bakinsu ɗaya.

Anti Ta-Vancouver: Bari in sa baki, tunda ni ce nake zaune a lardin. Kyarkeci dai ban taɓa ganinsa da idona ba, kada in yi ƙarya, na dajin Great Bear suna can arewa inda sai da jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama ake zuwa. Amma hawan kifin na gani. Mun kai yara Goldstream, kusa da birnin Victoria, a wani Nuwamba. Tun daga inda muka ajiye mota wari ya tarbe mu, irin na kasuwar kifi da yamma in an ɗauke wuta. Ruwan bai kai gwiwa ba. Kifayen nan manya, bayansu a waje, suna tura kansu kan tsakuwa, jikinsu duk ya sassaɓe ya yi fari-fari, wasu jelar ta zama tsumma saboda tonon ramin ƙwai. Matattu birjik a gefe, tsuntsayen teku na caccakar idanunsu. Ƙaramar 'yata ta ce, Umma me ya sa ba sa gudu? Baban Khalifa, da ka ga wurin da ba ka ce yunwa ba. Ko kai ne kyarkecin, ba za ka bar wannan ka tafi tseren barewa a cikin sarƙaƙiya ba.

Ɗan Masunta: Anti kin tuna min da rani a wajenmu, lokacin da fadama ta janye ta bar tarwaɗa a taɓo. Ba taru, ba ƙugiya, yara da hannu suke kwasa, karnuka ma su samu rabonsu. Kifi a ruwa sarki ne, amma sai ruwan ya rufe shi.

Likitan Dabbobi: Akwai wani abu da mutane ke mantawa in ana maganar masu farauta. Muna kallon haƙoransu, ba ma kallon abin da ke samunsu. Kofato makami ne. An sha samun gawar kyarkeci da karyayyen haƙarƙari ko fasasshen muƙamuƙi wanda ya warke ya haɗe a karkace, duk aikin harbin dabbobin da suke farauta. Dabbar da ke ci da ƙafa da baki, in ta karye, abincinta ya tsaya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, wanda ya ci barewa kuwa har da shuri. Kifi ba ya shuri. Ga shi ya fi naman barewa kitse nesa ba kusa ba, ga sanyin hunturu na tafe, ga 'ya'yan da aka haifa wajen Afrilu an yaye su suna neman abin da za su ci da yawa.

Malam Na-Zariya: Likita ta gama magana. Ƙari kaɗan: a wani binciken da su Darimont suka fitar a 2003, sun zauna bakin rafi suna kallo suna ƙirgawa. A awa ɗaya ana kama kifi kusan ashirin. Manya suna dacewa a kusan rabin yunƙurinsu, 'yan ƙanana kuwa da ƙyar suke samun ɗaya cikin takwas. Wato sana'a ce, koyonta ake yi. Kuma tsayuwar da Ɗan Masunta ya gani, ta fuskantar sama, ita ce dabarar. Kifi ma sama yake kallo tunda hawa yake, sai kyarkeci ya zo masa ta baya.

Baban Khalifa: To na ji. Amma ku amsa ta biyun. In dabba tana lissafin riba haka, me zai sa ta zubar da tsoka ta ci kai? Wannan ai almubazzaranci ne, ba wayo ba.

Likitan Dabbobi: Bayani biyu masana ke kawowa, kuma ba sa kore juna. Na farko, kai shi ne wurin maiƙo: ƙwaƙwalwa da idanu suna da kitse mai kyau, irin wanda ake sayar mana a kwalba da sunan man kifi. Kifin da ya shigo rafi ya daina cin abinci, tsokarsa na ta ƙonewa a hanya. In kifi ya yi yawa, gara ka ci kai goma da ka cika ciki da gangar jiki biyu.

Na biyu kuma fannina ne. Akwai wata cuta da ɗanyen salmon ke sa wa dangin kare. Wata ƙaramar tsutsa ce ke shiga kifin daga wata katantanwar rafi, ita kuma tsutsar tana ɗauke da ƙwayar cuta. Kare ya ci, bayan kamar mako guda sai zazzaɓi, amai, gudawa, kaluluwa, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Tsutsar ta fi taruwa a ƙoda da tsoka. Beyar kuwa, ƙaton naman dajin nan mai gashi da shi ma yake kamun kifi a rafukan, yana ci ba abin da ke samunsa, shi ya sa shi yake cin fata da ƙwai da tsoka hankali kwance. An fi sanin cutar a Oregon da Washington da arewacin California. Dafuwa tana kashe ta.

Auta: Wato kyarkeci ya je makarantar likitanci ke nan.

Likitan Dabbobi: Ba sai ya je ba, Auta. In masu cin tsoka suna mutuwa, masu cin kai suna haihuwa, kuma 'ya'ya na kwaikwayon uwa, bayan zamani mai tsawo wa zai rage? Ni dai in aka matsa min, na fi karkata ga maganar maiƙo, domin beyar ma da cutar ba ta kama shi, in kifi ya yi masa yawa ƙwaƙwalwa da ƙwai yake zaɓa ya watsar da sauran.

Anti Ta-Vancouver: Kuma Ɗan Masunta ka daina jin haushi, sauran ba ya tafiya a banza. Hankaki da mikiya suna nan suna jira, ƙuda su zuba tsutsa, abin da ya ruɓe ya shige ƙasa. Shi Reimchen ɗin da Malam ya ambata ya shahara ne da nuna cewa naitirojin ɗin teku yana shiga har cikin itatuwan bakin rafi ta hanyar kifin da beyar ke ja cikin daji. Taki ne daga teku.

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri, na ɗan ɓace, na je na yi nawa binciken. Malam, me za ka ce game da tsibirin Pleasant a Alaska? Kyarketai sun yi iyo sun shiga wajen 2013. A 2015 barewa ce kashi 75 cikin 100 na abincinsu. Zuwa 2017 ta koma kashi 7, domin sun kusa cinye ta kaf. Me suka koma ci? Karen ruwa na teku, daga kashi 25 ya haura zuwa 57. Gretchen Roffler ta hukumar kifi da namun daji ta Alaska da abokan aikinta ne suka fitar a 2023. To wannan ba uwar bari ba ce? Maganar Baba ta faɗi ƙasa?

Auta: Kai! Baban Khalifa ya dawo da gora.

Malam Na-Zariya: Ba ta faɗi ba, ranka ya daɗe, wannan kam ka ci. A wancan tsibirin barewa ta ƙare, suka juya ga teku. Amma ka duba abin da ya ba masanan mamaki. A lissafin da aka saba, in mafarauci ya cinye abincinsa a ƙaramin tsibiri, ko ya mutu ko ya yi ƙaura, barewa ta farfaɗo. An taɓa ganin haka a tsibirin Coronation, a Alaskan dai, inda aka saki kyarketai huɗu a 1960, suka yawaita, suka cinye barewa, suka ƙare. A Pleasant kuwa ba su mutu ba, ba su tafi ba, teku ta riƙe su. Ita barewa ce ta shiga uku, domin mai cin ta ya samu wani rumbun, ba zai ragu ya ba ta sarari ba.

Wani abin kuma, karen ruwan nan da suke ci, masu cinikin fata sun taɓa ƙarar da shi a yankin. A shekarun 1960 aka kawo kimanin 400 aka sake, suka yaɗu. Mutane suka dawo da wata dabba don ceto, kyarkeci ya ce abin nema ya samu.

Don haka mu raba biyu. Karen ruwa a Pleasant, akwai hannun rashi a ciki. Salmon a rafukan Biritish Kolombiya, barewa na tsaye aka bar ta.

Baban Khalifa: Rabi da rabi ke nan. Na karɓa, amma a rubuta cewa ban sha kaye ba.

Maman Sadiq: Ni tun ɗazu karatu nake. Tambaya ta ɗaliba: shi wannan kyarkecin, irin wanda ake faɗa a dajinmu ne?

Malam Na-Zariya: A'a Hajiya. Wanda kakanninmu suka sani da kyarkeci shi ne karen dajin nan mai dabbare-dabbare da faffaɗan kunne, mai farauta garke-garke, wanda yanzu ya kusa ɓacewa a Afirka ta Yamma. Sunansa muka ara wa na Turai da Amurka. Abin dariya, dilan yankin Sahel ya fi shi kusanci da na Kanadan; binciken ƙwayoyin halitta na 2015 ne ya nuna haka.

Su na gaɓar tekun ma ba ɗaya suke da na cikin ƙasa ba. Sun fi ƙanƙanta, gashinsu da ɗan ja-ja. Kuma a nan akwai labarin da nake so. Mutanen asalin wurin, ƙabilar Heiltsuk ta garin Bella Bella, akwai wani dattijonsu Chester Starr da ya yi aiki da masu binciken. Shi ya ce musu kyarkeci iri biyu ne a ƙasarsu, na tudu da na tsibirai. Masana suka ji abin banbaraƙwai, tunda dabba ce mai yawo da iyo, ruwan da ke tsakani kuma ba shi da faɗi, yaya za a ce ba su gauraya ba? Aka gwada ƙwayoyin halitta daga tutun da aka tara, sakamakon ya fito a 2014: maganar dattijo ce daidai.

Baban Khalifa: Ka ji ba! A riƙa sauraron maharba da tsofaffi.

Anti Ta-Vancouver: Su na tsibiran nesa ai kusan 'yan ruwa ne. Suna iyo tsakanin tsibirai, an san wanda ya kai kilomita 12. In ruwa ya janye sai su bi gaɓa suna tonon ƙaguwa da kumba, suna lasar ƙwan ƙananan kifi da ya manne a ciyawar teku, su kama dabbar nan mai santsi da ake kira sil tana shan hantsi a kan dutse, in teku ta turo mushen ƙatuwar dabbar ruwan nan da ake kira wel kuwa an yi sallah. Akwai wanda duk mutanen nan suka sani, Takaya, da ya zauna shi kaɗai a 'yan tsibiran da ke gaban Victoria tun 2012, yana cin sil, yana tona ƙasa ya samu ruwan sha. A farkon 2020 ya shigo gari, aka kama shi aka kai shi daji mai nisa, bayan wata biyu wani maharbi ya harbe shi. Mutane sun yi kuka kamar an yi rashin ɗan uwa.

Auta: Anti ba kuma su ne aka ɗauka a bidiyo suna satar tarko ba?

Anti Ta-Vancouver: Su ne. A ƙasar Heiltsuk ɗin dai. Masu gadin gaɓa na ƙabilar suna kafa tarkon ƙaguwa don rage wata baƙuwar ƙaguwa mai ɓarna, sai a riƙa samun tarkon a fashe. Aka sa kyamara a 2024. Sai ga kyarkeci ya fito daga ruwa da balan-balan ɗin alama a baki, ya ajiye, ya koma ya ja igiya, ya sake ja, har tarkon da ke nutse ya fito, ya yaga ya cinye abin da aka sa na jan ƙaguwa. Ɗan Masunta, wannan ai abokin sana'arku ne.

Ɗan Masunta: Ɓarawon mali dai, Anti. A wajenmu da an kai ƙararsa wurin Sarkin Ruwa.

Likitan Dabbobi: Cin teku ma da kuɗinsa. Roffler ɗin da Baban Khalifa ya kawo ta sake gano cewa kyarketan da ke yawan cin karen ruwa suna tara sinadarin makuri a jikinsu fiye da masu cin barewa, domin gubar tana taruwa ne daga ƙaramin abinci zuwa babba. Sannan kifin kansa ba tabbas gare shi ba. A Oktoban 2022 an yi fari a gaɓar, rafin Neekas a ƙasar Heiltsuk ya kusa ƙafewa, dubun-dubatar salmon suka mutu jibge kafin su zuba ƙwai. A ranar dai masu ci sun ƙoshi. Amma nau'in da kyarkeci ya fi kamawa, wanda ake kira pink, shekara biyu cur yake yi ya dawo; wanda bai zuba ƙwai bana ba, babu mai dawowa a madadinsa baɗin baɗaɗa.

Maman Sadiq: Fari a wurin da ake cewa ruwan sama ba ya ɗaukewa? Ikon Allah.

Malam Na-Zariya: Haka ne Hajiya. Kuma ba na bakin teku kaɗai abin ya shafa ba. A Denali, can tsakiyar Alaska, fiye da kilomita 1,000 daga teku in ka bi kogi, an auna ƙasusuwan kyarketai aka samu cewa a wani ɓangaren dajin salmon ya kai kusan ɗaya cikin shida na abincinsu. Duk inda kifin ya iya hawa, akwai mai jiransa. Auta, ƙashi na ce wannan karon, da ƙugiya a kan harafin.

Ɗan Masunta: Na gode ƙwarai jama'a. Ɗazu bayan la'asar na kai wa Baba wayar yana gyaran taru a zaure, na nuna masa bidiyon. Ya sa na maimaita sau uku. Ni ina ta ƙorafin asarar tsoka, shi ko kallona bai yi ba. Da ya gama sai ya miƙo min wayar ya ce, a gidan nan in an dafa giwan ruwa, wa ake ajiye wa kai? Na ce kai ne Baba. Ya ce to, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Baban Khalifa: A gaida Baba. A tambaye shi kuma ko yunwa ce ke sa shi cin kan.